Kan jirgin dizal tsakanin Zariya da Kano: abin da masu sha'awa ke gani da abin da kanikawa suka sha

A Ingila da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu tsofaffin kawunan jirgin ƙasa ce. Suna haddace lambobinsu, suna naɗar ƙararsu, suna gardama kan kamfanin da ya fi iya ƙira. Idan suka waiwayo Najeriya, tarin iri-iri ne ke burge su, domin a kan siririn dogo guda mai faɗin milimita 1,067 an ga ƙirar Ingila da Amurka da Jamus da Japan da Kanada da Sin. A ganina wannan abin da suke yabo shi ne ya karya ƙashin bayan reluwe.

Dogon ya iso Kano a 1911, ya ratsa Likoro a ƙasar Kudan da Gimi a ƙasar Maƙarfi. Fiye da shekara arba'in jirgi mai kwal ne ke bin hanyar, kuma wahalarsa a Arewa biyu ce: kwal sai an ɗauko shi tun daga Inugu, ruwan tukunya kuwa da rani sai an yi da gaske. Ga buhunan gyaɗa jibge a Kano suna jiran tarago. Shi ya sa a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, aka kawo kawuna goma na kamfanin English Electric. Injin dizal ne ke juya janareta, lantarkin ya tafi motocin da ke murza ƙafafu. Babu mai zuba kwal da shebur, babu tsayawa shan ruwa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar Inugu, ya gaggauta ƙarshen jirgin kwal.

Daga nan aka shiga sayayya ba tsari. Kowace yarjejeniya da ƙasarta, kowane kai da safayarsa. Bakaniken Zariya zai tsaya gaban kai biyu da suka mutu, fistin wannan bai shiga wancan, sai ya kwance na uku don ya tayar da guda. Ƙwararrun kamfanin RITES na Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, aka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. Kawuna hamsin na Sin da aka sayo zamanin Abacha su ma ba su daɗe ba.

Masu sha'awar suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ina tare da su: tsohon inji mai sauƙin ƙira ya fi jure ƙurar hunturu, ya fi karɓar gyaran hannu. Amma manomin rake a Maƙarfi ko mai tumatir a Ikara ba lambar kai yake tambaya ba. Tambayarsa ita ce ko jirgi zai tsaya a tasha ya ɗauki kaya.

Sabon dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 faɗinsa milimita 1,435 ne, tsofaffin kawunan ba za su taɓa hawansa ba. Legas tana da gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta. Zariya, mahaɗar layin Kano da na Ƙauran Namoda, ta cancanci a ajiye mata kai ko guda ɗaya, a rubuta bayanin tsofaffin direbobi da kanikawa tun suna raye, kafin 'yan gwangwan su yanka sauran su auna a sikeli.