Abdoulaye Mamani da Yadda Sunan Sarauniya Ya Fito Daga Lugu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa, ko a Korgom ne ko a Mai Jirgi ko a ƙauyukan da ke tsakaninsu, ya ji daga bakin manya cewa a daminar shekara ta 1899 wata rundunar Nasara ta ratsa wannan ƙasa tana ƙone garuruwa, kuma a nan ne ajali ya riski shugabanninta biyu. Amma da za a tambayi ɗan lakwal na yau, a Yamai ko a Agadas, abin da ya sani game da wannan runduna, sunan da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne na Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda garinta ke can ƙasar Dogon Dutsi, nesa da mu ta wajen yamma. Wannan shahara tana da asali, tana da shekarar da ta soma, akwai kuma mutum guda wanda alƙalaminsa ne sanadinta, shi ne marigayi Abdoulaye Mamani, ɗan jarida, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, wanda ya sha hijira ya sha kurkuku kafin Allah Ya nufe shi da rubuta littafin da ya sauya yadda mutanen Nijar ke tuna shigowar Turawa.

Sai an fara da rundunar kanta kafin a gane girman aikin da ya yi. A farkon 1899 ne kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine suka taso daga bakin kogin Kwara da umarnin gwamnatin Faransa, wai su kai tutarta har tafkin Cadi, suna tafe da sojoji baƙaƙe 'yan ɗaruruwa da ɗimbin 'yan dako da mata da dabbobin da suka ƙwace a hanya; da yake kuwa taro irin wannan ba ya rayuwa a ƙasa mai ƙarancin ruwa sai da rumbunan mutane da rijiyoyinsu, sai tafiyar ta zama ta'adi tsantsa, duk garin da ya yi jinkirin miƙa hatsi a sa masa wuta. Ran 16 ga Afrilu suka isa Lugu, inda Azna mabiya Sarauniya suka tare su da baka da kibiya, suka kashe musu sojoji 4, suka raunata 6, sa'an nan suka janye cikin kurmin da Nasara ba su iya kutsawa ba. Ran 8 ga Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ake lissafa shi cikin mafi munin abin da mulkin mallaka ya aikata a ƙasar Hausa.

Labarin wannan zalunci ya isa Paris ta hanyar wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau, wanda aka kora daga rundunar, sai gwamnati ta aiko kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe shugabanci. Bin sawun bai yi masa wuya ba, domin toka da gawarwaki su ne alamar hanya, kuma a cikin littafinsa na tafiya ya rubuta cewa a Koran Kalgo ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a rassan itatuwa. Ran 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta aka kashe shi, ya kuma shaida wa mutanensa cewa ya fita daga biyayyar Faransa, daula tasa ta kansa zai kafa. Kwana biyu kacal aka yi sojojinsa suka juya musu baya: suka harbe Chanoine ran 16, suka harbe Voulet da safiyar 17, a Mai Jirgi, inda kaburburansu biyu suke har yanzu kusa da hanyar da ta tashi daga Tasawa zuwa Damagaram. An ruwaito cewa a 1923 wani jami'in Faransa da ke mulki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su, ba a sami kowa a ciki ba. Ragowar rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen Yuli bayan yaƙin Tirmini, daga bisani aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga.

To, a cikin tarin takardun da hafsoshin Faransa suka bari a kan wannan tafiya, rabon Sarauniya bai wuce 'yan layuka ba, su ma na raini ne, ana ambatonta da tsohuwar matsafiya wadda ta aiko musu da saƙon izgili. Mutanen Lugu da na Bagaji sun riƙe nasu labarin a baki, kamar yadda suka riƙe sarautar kanta, wadda mace ke gada daga mace har zuwa wannan zamani. Sai dai ruwaya ce ta gida, ba ta shiga littafin makaranta ba, kuma aka shekara tamanin ana haka.

An haifi Abdoulaye Mamani a 1932 a Gudumariya, cikin ƙasar Manga, amma Damagaram ce garin da ya yi tashe a ciki, ita ce kuma ta zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa. Tun yana saurayi ya shiga harkar sandika, wato ƙungiyar 'yan ƙwadago, a zamanin da ma'aikacin kantin Nasara da mai ɗaukar buhun gyaɗa ba su da wanda zai yi magana da yawunsu. Daga nan ya bi Jibo Bakari, wanda ya ɓalle daga jam'iyyar RDA ya kafa tasa a 1954, wadda daga baya duniya ta san ta da sunan Sawaba. Jam'iyya ce ta direbobi da teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan ma'aikata, alamarta raƙumi, ta abokan hamayyarta kuwa giwa. Yana da shekara 25 ko kusa da haka mutanen Damagaram suka zaɓe shi depite a majalisar ƙasa, a lokacin da Jibo Bakari ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a 1957.

Wannan daula ba ta yi tsawon rai ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Janar de Gaulle ya shirya domin ƙasashen da Faransa ke mulka su zaɓa tsakanin zama ƙarƙashin inuwarta da samun 'yanci nan take, Sawaba ta yi kira a ce a'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini. Faransa kuwa, wadda ke cikin yaƙin Aljeriya, ba ta da niyyar sakin ƙasar da ta yi iyaka da Sahararta, sai ta aiko sabon gwamna, Colombani, wanda ya haɗa kan sarakuna da 'yan RDA, ya sa ƙarfin hukuma duka a gefe guda, aka sanar cewa masu cewa i sun yi rinjaye. Jibo ya sauka. A zaɓen majalisa na watan Disamba na wannan shekara, wurare biyu ne Sawaba ta ci duk da matsin da aka yi mata, Tasawa da Damagaram, kuma dukansu biyu aka soke sakamakonsu. Ya kamata mutanen Korgom su riƙe wannan, domin ƙuri'ar kakanninsu na cikin waɗanda aka zubar a ranar, kuma ƙaddarar da ta kori Mamani daga kujerarsa ita ce ta rufe bakin talakawan ƙasar Tasawa. A watan Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar ɗungum, ta yadda ranar 3 ga Agusta 1960, da aka ba Nijar mulkin kai a hannun Diori Hamani, waɗanda suka fara neman 'yancin suna kurkuku ko suna gudun hijira, wasu a Kano wajen 'yan NEPU na Malam Aminu Kano, wasu a Bamako da Akara.

Mamani ya zauna a Gana da Mali, daga bisani ya tare a Aljeriya, kuma a waɗannan shekaru aikin jarida ne makaminsa: ya yi wa jam'iyyarsa rubutu a jaridarta, wadda ake shigowa da ita ƙasa a ɓoye, wanda duk aka kama da ita kuwa ya shiga uku, ya kuma yi aiki da gidan rediyon Aljeriya a lokacin da birnin Aljas ya zama matattarar masu neman 'yanci daga Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu har da baƙaƙen Amurka. A ƙarshen 1964 Sawaba ta shigo da mayaƙanta ta kan iyakoki, aka murƙushe su cikin 'yan makonni, aka harbe wasu a bainar jama'a. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin Idin Babbar Salla bai same shi ba, abin da ya biyo baya kuwa kame ne da azaba waɗanda gidaje da yawa a Maraɗi da Tasawa da Damagaram ba su manta ba. Ta fuskar siyasa an ci Sawaba da yaƙi, babu ja a kan wannan. Abin da ya rage wa Mamani shi ne tawada da takarda, sai ya fitar da diwanin waƙoƙinsa, Poémérides, a Paris a 1972, ya bi shi da wasan kwaikwayo mai suna Le Balai.

Da sojoji suka kifar da Diori ran 15 ga Afrilu 1974, 'yan hijira suka ɗauka lokacin komawa gida ya yi, shi ma ya komo. Ba a jima ba gwamnatin Seyni Kountché ta juya kan tsofaffin 'yan Sawaba, ta tsare Jibo Bakari, ta tsare Mamani, ya yi shekaru a ɗaure ba tare da ya ga iyalinsa yadda ɗan Adam ke bukata ba. A 1980 ne kamfanin L'Harmattan na Paris ya buga littafinsa Sarraounia. Ni a ganina ba a fahimtar wannan littafi sai an tuna wane ne marubucinsa: mutum ne da ya ce a'a a 1958 aka hukunta shi shekara ashirin saboda ita, ya waiwaya cikin tarihin ƙasarsa yana neman wanda ya riga shi faɗin wannan kalma, ya same ta a bakin wata mace Ba'azna wadda Nasara suka raina, malamai ba su rubuta ta ba, maroƙan fada kuma ba su wasa ta ba.

Daga littafi sai labarin ya koma majigi. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya shirya fim a kansa a 1986, kuma da yake ɗaukarsa a Nijar bai yiwu ba, a Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara aka yi aikin, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Tun daga nan sunan ya bazu, ya shiga darasin makaranta da raye-rayen samari, aka raɗa wa gidan rediyo da talabijin, har ya kai ga hukumomin ƙasa sun sa shi a kan lambar girma.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan, ko da kuwa ana cikin yabon mamaci: littafin ƙagaggen labari ne da aka gina a kan tarihi, ba shi da isnadi irin wanda malaman tarihi ke nema. Sarauniyar Lugu ta ainihi shugabar addinin gargajiya ce mai zaman ɗaki, wadda ƙarfinta ke cikin tsafi da kwarjini, alhali ta cikin littafi da fim jaruma ce mai ɗamara wadda ke jagorantar maza a fagen fama. Haka nan hoton da aka zana na sarakunan Musulmi da malamansu, a matsayin masu ƙiyayya da ita ko masu sassauci ga Nasara, bai yi musu cikakken adalci ba, domin Birnin Ƙonni da aka rusa garin Musulmi ne, Kuran Daga Musulmi ne, Sarkin Musulmi Attahiru ma a hannun Ingilishi ya yi shahada a Burmi a 1903. Duk da haka ban ga wannan ya rage darajar aikin ba. Kafin Mamani, ɗan Nijar na karanta labarin 1899 ne a matsayin rigimar hafsoshin Faransa uku da suka kashe juna a daji, mutanen ƙasa kuwa adadi ne kawai na waɗanda aka ƙone. Bayansa sai ga ɗaya daga cikinmu a tsakiyar labarin, da sunanta da garinta da hujjarta.

Shekarunsa na ƙarshe a Damagaram ya yi su, ba ya riƙe da muƙami, yana rubutu, yana karɓar matasa masu sha'awar adabi, yana kuma ba da himmarsa ga kafa gidan adana kayan tarihi na garin, domin kada takubba da tufafi da kayan sana'ar magabata su ƙare a hannun dillalai. Ya ga taron ƙasa na 1991 da dawowar jam'iyyu, har Sawaba ta sake fitowa fili bayan shekara talatin da haramci. A watan Yuni 1993, yana kan hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai domin karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama, ya yi haɗarin mota ya rasu, yana da shekara 61. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa.

Abin da ya yi wa Lugu har yanzu yana jiran mai yi wa ƙasar Tasawa. Azzalumai biyu, Voulet da Chanoine, suna da kaburbura da aka gina aka rubuta sunayensu, amma 'yan matan Koran Kalgo da mutanen garuruwan da aka ƙone tsakanin Tibiri da Mai Jirgi suna nan ne kawai a ƙirazan tsofaffi, waɗanda suka ji daga kakanninsu, kuma kowace shekara ana rage su. Ina kira ga malaman lakwal da na zaure a Korgom da Tasawa da Mayahi, da ma'aikatan rediyon karkara, da 'ya'yanmu da ke jami'o'in Maraɗi da Damagaram, su ɗauki takarda da na'urar ɗaukar murya su zauna gaban waɗannan dattawa, su tambaye su sunan kowane gari da aka tasa, da rijiyar da aka cike, da inda mutane suka gudu, da wanda aka kama ƙuri'ar Sawaba a hannunsa a 1958, su rubuta shi da Hausa, tare da sunan mai ruwaya da ranar da aka ji daga gare shi.