Bikin Aure Da Kiyaye Muhalli A Birnin Katsina: Jiya Da Yau

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an fara jin wata magana daga ƙasashen Turai da Amurka, wato shirya bikin aure ta hanyar da ba za ta cutar da muhalli ba. Abin nufi shi ne a rage shara, a rage ƙona makamashi, a kuma yi amfani da abin da ake samu a kusa. A wannan maƙala ina so in nuna cewa Bakatsine ya daɗe da sanin irin wannan biki, ko da yake bai raɗa masa suna ba. Zan bi kayan biki ɗaya bayan ɗaya, in nuna inda suke fitowa da inda suke ƙarewa, da yadda zamani ya sauya su, sannan in kawo shawarwari ga mai shirin aurar da ɗa ko 'ya a yau.

Birni Da Gona

Kafin a fahimci bikin da, sai an fahimci yadda birnin kansa yake. A lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Katsina a shekarar 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma gidaje sun cika wani ɓangare ne kawai, sauran kuwa fili ne da gonaki. Ke nan birni da gona a haɗe suke. Jakuna kan fita ta Ƙofar Marusa ko Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga ɗauke da mangalar taki daga jujin unguwa, su dawo da kara da itace da hatsi. Duk abin da gida ya zubar, gona ce ke karɓarsa. A kan wannan tsari ne aka gina al'adun aure.

Kayan Biki A Da

Idan muka ɗauki lefe, kalmar kanta ta isa shaida. Asalin lefe kwando ne da ake saƙawa da kaba, wato ganyen goriba, wanda ake zuba kayan amarya a ciki. Abin da ke cikinsa kuwa zannuwan saƙi ne na audugar ƙasar nan, masaƙa suka saƙa, aka rina a marina da baba. Goron neman aure da na ɗaurin aure yakan zo cikin huhu, a lulluɓe da ganye. Gayyata kuma da baki ake yin ta, a bi gida-gida ana raba goro, ranar ɗaurin aure sanƙira ya shelanta wa jama'a.

Lallen da ake sa wa amarya ganye ne da ake shukawa a lambu ko bayan gida. A daka shi, a kwaɓa, a ƙunsa a ƙafa da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru, wanda shi ma ɗan duma ne. Kayan ɗaki su ne ƙore na jere, da masaki, da ludayi, da akushi, da faifai, da tabarma, da adudu, da tulu da randa na maginan tukwane. Gara, wato alkaki da nakiya da dubulan da man shanu da daddawa da hatsi, a cikin ƙore ake kai ta, a rufe da faifai.

Haka kuma ba a sayen mazubin abinci don biki kaɗai. Maƙwabta da dangi ne ke kawo aron tukwane da akusa, a ci a taru a kan akushi ɗaya, a wanke a mayar wa masu shi. Ƙwarya in ta tsage sai a kai wa gyartai ya ɗinke ta. In ta fashe ta zama sakaina, a riƙa kwasar toka da ita, daga ƙarshe ta ruɓe a juji ta koma gona. Amarya kuwa a ƙafa ko a kan doki ake raka ta. A taƙaice, kusan duk abin da aka taɓa a biki daga ƙasa ya fito, kuma ko dai a gaje shi, ko ya koma ƙasa.

Yadda Abubuwa Suka Sauya

A nawa nazarin, sauyin ya zo ne hawa uku. Hawa na farko ya biyo bayan zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, wato zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944). Atamfa da kwanukan ƙarfe na kanti suka fara shigowa kasuwa. A zamanin Sarki Usman Nagogo (1944-1981) kwano da langa da tasa suka ture ƙwarya daga jere, kwalla da fantimoti suka karɓi aikin kwandon lefe, amma sunan lefe ya tsaya. Wannan sauyi ya raunana sana'ar masaƙa da masu gyaran ƙwarya, sai dai bai kawo shara mai yawa ba, domin kwano yakan yi shekaru, uwa ta bar wa 'yarta.

Hawa na biyu shi ne na kuɗin man fetur a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji. A nan ne akwatunan lefe suka yawaita, gado da katifa da kabad da tangaran suka zama dole, aka fara buga katin gayyata, rakiyar amarya ta koma jerin gwanon motoci.

Hawa na uku, wanda ya fi shafar muhalli, shi ne na leda da roba. Bayan da Katsina ta zama babban birnin jiha a ranar 23 ga Satumba, 1987, gari ya faɗaɗa har ya tsallake ganuwa, masu halartar biki suka ƙaru, aron kwanuka ya gagara. Daga shekarun 1990 ruwan leda ya bazu, daga baya kuma robar zuba abinci da ake jefarwa bayan ci ɗaya ta shigo, tare da cokulan roba da kalanda da ledojin rabon kyauta masu ɗauke da sunan ango da amarya.

Illolin Da Ake Gani

Leda ba ta ruɓewa kamar sakaina. Wadda aka watsar a ƙofar gidan biki iska kan kwashe ta zuwa kwata, ta toshe magudanar ruwa, da damina ruwa ya koma cikin gidaje, sauro ya samu wurin hayayyafa. Wadda ta wuce takan gangara rafin Ginzo, inda masu lambu ke ban ruwa. Awaki da tumaki kan haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta rame har ta mutu, kamar yadda mahauta suka sha gani. Takin juji da manomi ke murna da shi a da, yanzu sai ya tsince leda kafin ya watsa. In kuwa aka cinna mata wuta, hayaƙinta ya cutar da ƙirji.

Wajibi ne kuma in faɗi cewa bikin da ma yana da tasa illar, wato cin itace. Girkin kwana bakwai a kan murhu mai duwatsu uku ba ƙaramin itace yake ci ba. A lokacin da mutane ba su da yawa daji yana iya mayar da abin da aka sara, amma farin 1973 da na 1984 sun nuna cewa ƙasarmu tana bakin hamada. Wannan ne ya sa aka kafa shirin dashen itatuwa na Katsina a 1987 da tallafin ƙasashen Turai, wanda ya yawaita bedi a gonaki da gefen hanyoyi. Haka kuma jihar tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na Tarayyar Afirka na kafa shingen itatuwa, wanda aka amince da shi a 2007, ya shafa.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas kuma ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a 2024. Amma a ganina, a wajen biki al'ada ta fi doka ƙarfi, domin abin da uwar amarya da gwaggo da ƙawaye suka yarda da shi, shi ake yi.

Shawarwari

1. A dawo da al'adar aro. Ƙungiyoyin mata na unguwa da masu adashi za su iya sayen farantan ƙarfe da kofuna da manyan kuloli, a riƙa ba da su ga duk mai biki.
2. A tanadi tsabtataccen ruwa a randa ko babban mazubi mai famfo, maimakon ruwan leda.
3. Kyautar da ake raba wa baƙi ta zama faifai ko mafici ko ludayi ko ƙaramar jakar fata, domin kuɗin ya shiga hannun masu sana'a na gida.
4. A taƙaita kwanakin girki da yawan abinci, a yi amfani da gas ko murhu mai tattalin itace, abin da ya rage a raba wa mabukata tun bai lalace ba.
5. A rage motocin rakiya, a kuma aika gayyata ta waya maimakon buga kati.
6. Ango da amarya su dasa itace a sabon gidansu, kamar bedi ko zogale ko mangwaro, su kuma kula da shi har ya kama.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa bikin Katsinawa na da ya ginu ne a kan abubuwa uku: kayan gida, aro tsakanin maƙwabta, da mayar wa gona abin da aka karɓa daga gare ta. Ba zai yiwu a koma zamanin Sarki Dikko ba, amma waɗannan ukun suna nan a hannunmu, kuma sun dace da koyarwar addini ta hana almubazzaranci. Wanda ya bi su zai rage wa kansa bashi, ya raya sana'ar maƙwabcinsa, ya kuma bar wa 'ya'yan da za a haifa a wannan aure gonar da za ta ciyar da su. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.