Tarihin Jinkirin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Masu Neman Rage Shi

Duk wanda ya taɓa duba sandar RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke ajiye aikin da take kansa, zai ga jerin lambobi irin su 16-18-18-38. Lambobin nan ƙidayar jira ce, kuma asalinsu yana cikin yadda aka gina ƙwaƙwalwar tun farko.

A shekarar 1966 Robert Dennard, injiniya a kamfanin IBM na Amurka, ya ƙirƙiro hanyar adana ƙwayar bayani guda da taransista ɗaya da ɗan mazubin caji ɗaya. Dabarar ta yi arha ƙwarai, sai dai cajin yana yoyo, tilas a riƙa sabunta shi a kai a kai. Kamfanin Intel ya shigar da irin wannan ƙwaƙwalwa kasuwa a 1970 da samfurinsa mai lamba 1103. A 1973 kuma kamfanin Mostek ya fito da MK4096, wanda ya raba adireshin bayani gida biyu domin rage yawan ƙafafun na'urar: a fara kiran layi, sannan a kira gurbin da ke cikin layin. Daga nan jiran ya samu matakai. Akwai lokacin buɗe layi, da lokacin da gurbi ke ɗauka kafin ya miƙo abin da ke cikinsa, da lokacin rufe layin kafin a buɗe wani.

Da aka ɗaura ƙwaƙwalwa a kan bugun agogon kwamfuta a farkon shekarun 1990, sai aka koma ƙidaya jiran da yawan bugu. Lambar farko a jerin, wadda ake kira CL, ita ce yawan bugun da ake jira tsakanin kiran gurbi da fitowar bayani. Hukumar JEDEC mai tsara ƙa'idojin masana'antar ta fitar da ƙa'idar DDR a 2000, DDR3 ta zo a 2007, DDR5 kuma a 2020.

A nan ne mai karatu zai lura da abin mamaki. Sandar DDR-400 mai CL 3 tana jiran nanosakan 15, shi kuwa nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. DDR3-1600 mai CL 11 tana jiran 13.75, DDR5-4800 mai CL 40 kuma kusan 16.7. Ma'ana, cikin shekara ashirin yawan bayanin da ake kwasa a sakan ya ninka fiye da sau goma, amma jiran amsar farko bai gusa ba, domin agogo ne ya ƙara sauri, mazubin caji yana nan da halinsa. Tun a 1995 masana biyu, William Wulf da Sally McKee, suka yi gargaɗin cewa wannan giɓi zai zama katangar da za ta tare saurin kwamfuta.

Saboda haka masu sha'awa suka shiga rage lambobin da hannu a cikin BIOS, suna ƙara wa sandar ƙarfin wuta kaɗan. Da al'adar ta yaɗu, Intel ya fito da tsarin XMP a 2007, AMD ya biyo da EXPO a 2022, inda kamfani ke gwada saitin ya rubuta shi a jikin sandar. Da irin wannan ake samun DDR5-6000 mai CL 30, wato nanosakan 10.

Amma gaggawa aikin shaiɗan ce. Idan aka karanta gurbi kafin cajinsa ya daidaita, sifili kan koma ɗaya ba tare da wata alama ba, fayil ya lalace ko na'ura ta tsaya cak. Shi ya sa ƙwararru ke rage lamba ɗaya kawai a lokaci guda, su gwada ta sa'o'i da manhaja irin Memtest86, wadda ta fito tun 1994, kafin su amince wa kwamfutar da aikin mutane.