Yadda Aikin Fasto Ya Kafu a Ikilisiyoyin Filato

A shekarar 1904, sa'ad da Karl Kumm, Bajamushe, da abokan tafiyarsa suka sauka a Wase da sunan ƙungiyar mishan ta SUM, babu wani ɗan ƙasa a wannan yanki da aka taɓa naɗawa shugaban jama'ar Kirista, kuma da yake hukumar Turawa ta ƙuntata wa 'yan mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulunci, sai hankalinsu ya koma kan mutanen duwatsu da kwaruruka, irin su Tarok na Langtang da Birom na kewayen Jos, waɗanda kowannensu ke da harshensa da al'adunsa. Wannan yawan harsuna shi ne musabbabin da ya sa Hausa, harshen fatauci da kasuwa, ta zama harshen wa'azi da karatu, balle bayan da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932.

Wanda ya fara ɗaukar nauyin jama'a a ƙauyuka shi ne mai bishara. Galibi mutum ne da ya koyi karatu a gidan mishan, aka tura shi wani gari ya zauna, ya nemi gona ya noma abin da zai ci, da rana ya koya wa yara baƙi da wasali, ran Lahadi ya tara wanda ya samu a rumfa ya karanta musu nassi; to amma ba shi da izinin yin baftisma ko ba da Jibin Ubangiji, sai dai jama'a su yi ta jira, wani lokaci watanni, har Baturen mishan ya zo rangadi. A ganina a nan ne asalin al'amarin yake, domin ƙa'idar da mishan ta riƙe ita ce ikilisiya ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta, kuma ƙa'ida irin wannan, ko da yake ta jinkirta naɗin shugabanni, ta sa manomi ya san tun da fari cewa hatsin da ya kai baiko bayan kaka shi ne abincin malaminsa.

A 1934 aka buɗe makarantar Gindiri domin tarbiyyar masu bishara da malaman makaranta, kuma daga cikin waɗanda aka karantar a can ne aka keɓe mutum uku a 1938, wato Toma Tok Bot na Forum, da Bali Falang na Langtang, da David Lot na Panyam, suka zama fastoci na farko 'yan ƙasa a ikilisiyoyin SUM na Filato. Shekara talatin da huɗu ke nan tun saukar Wase, jinkirin da mai duba tarihi ba zai rasa yi wa mishan tambaya a kansa ba, alhali mutanen da suka cancanta sun daɗe suna hidima. Shi David Lot daga baya ya shahara har a fagen siyasar Arewa, abin da ke nuna irin darajar da muƙamin ya samu cikin ƙanƙanen lokaci.

Fasto na wancan zamani yana da ƙauyuka da dama a ƙarƙashinsa, yana kewaya su a ƙafa ko a kan keke, yana jarraba 'yan ajin baftisma, yana ɗaura aure, yana jana'iza, sa'an nan ya zauna da dattawan ikilisiya a kan mas'alolin da suka fi wuya, kamar na mai mata biyu da ya nemi baftisma, ko na wanda za a sa ƙarƙashin horo saboda shan burkutu. Ba shi da ikon yanke hukunci shi kaɗai, kuma da yawa daga aikin gaida marasa lafiya da tara gudummawa ƙungiyar matan ikilisiya, wato Zumuntar Mata, ce ke ɗauke masa.

Da ikilisiyoyin suka yi ƙarfi, sai a 1955 suka haɗu cikin Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu ake kira TEKAN, kuma a 1959 aka kafa kwalejin ilmin tauhidi ta TCNN, wadda mazauninta ke Bukuru, inda ɗalibai daga ɗariƙu dabam-dabam suka fara karatu mai zurfi kafin a naɗa su.