Yadda masu amosanin gaɓɓai suka zama malaman juna

A shekarar 1947 wani ɗan Birtaniya mai suna Arthur Mainwaring Bowen ya kafa ƙungiyar masu ciwon gaɓɓai a ƙasarsu. Shi kansa majinyaci ne, yana fama da irin amosanin da ke sandarar da ƙashin baya. A zamanin, abin da likita ke da shi bai wuce asfirin da allurar zinare da umarnin a je a huta ba. Mutum ya koma gida ya zauna shi kaɗai, yatsu a kumbure, ko maɓallin riga ya gagare shi da safe. Ƙungiyar Bowen, wadda daga baya ta koma Arthritis Care, ta fara ne da fito da mutanen nan daga ɗaka, su haɗu, wani ya ji yadda ɗan'uwansa ke hawa bene da gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa.

A 1948 Amurkawa suka kafa tasu gidauniyar. A shekarar ce kuma Philip Hench na asibitin Mayo ya yi wa wata mata da ciwo ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Aka ɗauka an gama da cutar, har aka ba shi lambar Nobel a 1950. Ba a je ko'ina ba illolin maganin suka bayyana, kuma da an daina shi ciwon ya dawo.

A ganina babban sauyin daga Jami'ar Stanford ya zo, a ƙarshen shekarun 1970. Kate Lorig, wadda ta karanci aikin jinya, ta tsara wani zama na mako shida, awa biyu kowane mako. Masu jan ragamar zaman ba likitoci ba ne, talakawan gari ne da aka horar, yawancinsu masu ciwon. Kafin a tashi kowa zai faɗi abin da zai yi a makon, kuma ba a yarda da "zan ƙoƙarta" ba. Sai dai ya ce: tafiyar minti goma, sau uku, bayan karin kumallo. Sannan a tambaye shi, daga sifili zuwa goma, nawa ne tabbacinsa cewa zai cika? In ya ce ƙasa da bakwai, sai a rage masa aikin har ya zama wanda zai iya. Mako mai zuwa ya dawo ya ba da labari gaban jama'a.

Sakamakon ya ɗaure wa masu binciken kai. Ciwo ya ragu, amma waɗanda suka fi motsa jiki ba lallai su ne suka fi samun sauƙi ba. Da aka zauna da mahalartan, waɗanda suka ci gaba sun ce sun ji ragamar rayuwarsu ta dawo hannunsu. Wannan ya kai Lorig ga aikin Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar, kan yardar mutum da cewa zai iya, aka sake gina darasin a kanta. Rahoton da suka fitar a 1993 ya nuna cewa bayan shekara huɗu ciwo ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, zuwa wurin likita da kashi 40, duk da cewa nakasar gaɓɓan ba ta tsaya ba.

Daga nan tsarin ya bazu zuwa ciwon suga da na zuciya, hukumar lafiya ta Ingila ma ta ɗauke shi a 2002. Ba kowa ya gamsu ba. Wata bitar bincike da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2014 ta ce amfanin irin wannan horo ƙalilan ne ga masu amosanin zaizayewar guringuntsi. Ban ga abin musu a nan ba, zama shida ba ya gyara gwiwar da ta cinye. Amma an yi wa tsarin tallan da ya wuce ƙarfinsa, musamman a bakin masu neman rage kuɗin asibiti.

Hirar cikin ƙungiyoyin ma ta sauya tun da maganin methotrexate ya samu karɓuwa a shekarun 1980, sababbin allurai kuma suka biyo baya daga 1998. Da, maganar haƙuri da ciwo ake yi. Yanzu ana maganar tsadar magani, da yadda za a fahimtar da shugaba a wurin aiki, da yaushe mace za ta dakatar da maganin ciwon in tana son ɗaukar ciki. Tsofaffin 'yan ƙungiya ne kuma kan ja kunnen sabon shiga cewa methotrexate sau ɗaya ake sha a mako, shan sa kullum yana iya kisa.