Daga Shata a Ƙasa zuwa Ginin Cikin Kwamfuta

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sa'ad da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya, ilimin gini a kan magini yake zaune. Yakan shata ɗaki a ƙasa, ya san tsawon azarar da za ta ɗauki rufi, ya san kaurin bangon da tubali zai jure, almajiransa kuma su koya da ido da hannu. Mai tsara gini da mai ɗora shi mutum ɗaya ne, kuma haka abin yake a yawancin duniya tsawon ƙarnoni.

Takarda ce ta raba su. Da gine-gine suka girma, ƙarfe da siminti suka shigo, sai zane ya koma ofis, aiki ya tsaya a fili. A 1842 Baturen Ingila John Herschel ya gano hanyar buga hoto fari a kan shuɗi, wadda daga baya aka riƙa kwafar taswirar gini da ita. Wanda ya leƙa ofisoshin ma'aikatar ayyuka a da zai tuna manyan teburan zane masu karkata, da doguwar rula, da alƙalamin tawada, da rezar da ake kankare kuskure. Aiki ne mai kyau da ɗaukar ido, amma idan maigida ya ce a matsar da bango ɗaya, sai a sake takardu da yawa, kuma sau da dama a manta ɗaya, kuskuren ya jira birkila a fili.

Kwamfuta ta fara shigowa ta ƙofar lissafi. Injiniyoyin kamfanin Ove Arup sun dogara da ita wajen lissafin rufin gidan kiɗan Sidni na Ostireliya, wanda aka buɗe a 1973, domin lanƙwasarsa ta fi ƙarfin lissafin hannu. Tun 1963 kuwa wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna manhajar Sketchpad, inda ake zane kai tsaye a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske. Sai dai kwamfutar wancan lokaci ɗaki guda take ci, kuɗinta sai gwamnati ko babban kamfani. Juyin da ya iso ga kowa ya zo a 1982, da Autodesk ya fitar da AutoCAD mai aiki a ƙaramar kwamfutar tebur. Sannu a hankali teburan zane suka koma lungu.

Amma AutoCAD layi yake zanawa, bai san cewa layin nan bango ba ne. A nan ne, a ganinmu, babban sauyin yake. A 1975 Charles Eastman ya kawo shawarar a gina ginin ɗungurungum a cikin kwamfuta, kowane bango da ƙofa da ginshiƙi ɗauke da bayanin girmansa da kayan da aka yi shi da su. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungari ya bi wannan hanya da ArchiCAD a shekarun 1980, Revit ya biyo a 2000, Autodesk ya saye shi a 2002. Wannan shi ne tsarin da ake kira BIM. Ka matsar da bango, duk zanen ya gyara kansa, adadin bulo da rodi ya sauya. Idan bututun ruwa zai ci karo da ginshiƙi, a allo za a gani kafin a zuba kankare, ba bayan ya bushe a zo da guduma ana fasawa ba. Frank Gehry ya ari CATIA, manhajar da Dassault na Faransa ya ƙirƙira don ƙera jiragen sama, ya tsara gidan tarihin Guggenheim na Bilbao da aka buɗe a 1997. A 2011 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa daga 2016 duk mai neman kwangilar gininta sai ya yi aiki da BIM.

Filin aiki kuwa ya ƙi miƙa wuya da sauƙi. Japan ce ta fara gwada injunan gini da gaske a shekarun 1980, saboda ƙarancin matasa masu son aikin gini. Kamfanoni irin su Shimizu da Obayashi suka ƙera injuna masu sarrafa kansu, na walda da na shafe daɓe, har Shimizu ya kafa wata irin masana'anta a saman gini a Nagoya, tana haɗa hawa ɗaya a ɗaga ta zuwa na gaba. Abin ya yi aiki, amma tsada ta hana shi yaɗuwa. Masana'antar mota tana maimaita abu ɗaya a ƙarƙashin rufi ɗaya, gini kuwa kowanne da ƙasarsa da ruwan samansa da son ran mai shi.

Shi ya sa abin da ya samu karɓuwa a fili ƙananan kayan aiki ne: na'urar safiyo mai aiki da tauraron ɗan'adam, jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoton fili, da wayar hannu. A Kano ko Maraɗi yau injiniya kan turo taswira ta WhatsApp, alhali leburori na hawa da kwanon kankare a ka ranar zuba dakin, domin kuɗin lebura bai kai na inji ba, wuta kuma ba ta tsayawa. Injin buga gini, mai fitar da kwaɓin siminti layi bisa layi, ya iso nahiyarmu: bayan ofishin bugun inji da aka buɗe a Dubai a 2016, kamfanin 14Trees ya buga ginin makaranta a Malawi, wadda aka buɗe a 2021. Ko a can ɗin ma bango injin ya tayar. Rufi da ƙofofi da tagogi sai da aka kira kafinta.