Ɗakin Karatun Yamai a Idon Ɗan Cadawa

Mu da muka tashi a Cadawa, littafi iri biyu muka sani: na gafakar malam, da wanda mushe ke kullewa a kabad ɗin lakwal. Gidan da za ka shiga ka zaɓi littafi da hannunka, a rubuta sunanka a kati, ka tafi da shi gida, sai da na je Yamai na gan shi, tafiyar fiye da kilomita 600 a kan titin da ya ratsa garinmu.

Gidan shi ne wanda a da ake kira Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, daura da gidan tarihi na Boubou Hama. An buɗe ta a 1963, shekara uku bayan samun 'yancin kai, daga baya ta yi reshe a Damagaram. Akwai dandalin wasan kwaikwayo da majigi, amma ni ɗakin karatun ya ja ni: ɓangaren manya, ɓangaren yara, ga jaridu a jere. 'Yan jami'ar Abdou Moumouni kan cika kujerun in jarrabawa ta matso. Wasu kam inuwa da shiru suka kawo su, ban kuwa ga laifinsu ba, zafin Yamai ba ya wasa.

Sunan gidan ma ya sha sauyi. Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanya ya ɓige da ɗaukar fim, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka sa wa cibiyar sunansa. Bayan juyin mulkin 2023 dangantaka da Faransa ta yi tsami, a watan Oktoban 2024 hukuma ta mayar da ita Cibiyar Moustapha Alassane, ɗan fim ɗin Nijar da ya rasu a 2015. Su biyun kuwa sun yi aiki tare, abin da masu murna da masu fushi suka cika mantawa.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kusan duk kantocin Faransanci ne, a ƙasar da fiye da rabin jama'arta Hausa suke ji tun daga nono. Bahaushen Maraɗi mai son karatu da harshensa kudu yake dubawa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam daga Zariya ta fito, littattafan soyayya daga Kano, su biyo ta Katsina da Ɗan Isa, su sauka a tabarmar mai sayar da Ƙawa'idi da Ishiriniya ranar kasuwa. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, matan aure na miƙa wa juna ta hannun yara, har bangon ya fita a ɗinke shi da zare. Ba kati, ba ranar mayarwa, wadda ta riƙe shi ya daɗe kuma sai ta sha gori a gidan suna.